Ranar da na tuƙa Mama zuwa Washington ta jefa ƙuri'a

Shekarun baya, cikin wani azumi, na yi tuƙin da ban taɓa zaton zan iya ba. Duk wanda ya san ni a Greensboro, jihar North Carolina ta Amurka, a lokacin ya san yadda nake da mota. Ina da lasisi, ina da motata, amma iyakata gida, makarantar yara, masallaci da shagon da nake aiki a titin Wendover. Highway kuwa, wato babbar hanya, ban yarda da ita ba sam. In GPS ya ce in hau I-40, kashe shi nake yi in bi ta cikin unguwa, ko da zan ƙara minti ashirin a hanya. Abin dariyar, maigidana direban tirela ne, babu jihar da bai taka ba.

Sai na ɗan koma baya don ku gane yadda ƙasar Portugal za ta shigo maganar. Mu mutanen Jos ne. Ina ƙarama mahaifina ya tafi Lisbon, babban birnin Portugal, aikin gini, daga baya mahaifiyata ta bi shi, aka bar ni hannun kakata. Ba a jima ba Allah ya yi masa rasuwa a can. Mama ba ta dawo ba, ta zauna tana sharar ofisoshi. Ina da shekara goma sha biyu kakata ita ma ta rasu, Mama ba ta zo ba, na koma gidan ƙanwar Mama. Sai da na kai sha biyar ta samu ta ɗauke ni. A hankali mu biyun muka zama 'yan ƙasar Portugal. Ni na samu da sauƙi don na yi makaranta a can. Ita kuwa, da ba ta taɓa shiga ajin boko ba, sai a zama na uku ta ci jarrabawar harshen. Aure ya kawo ni Greensboro. Da na haifi na biyu ta zo wankan jego, muka yi mata takardun zama, ta ci gaba da zama da mu.

Wata rana da la'asar na dawo daga aiki na same ta a kicin tana dama kunu, wayarta jingine da tulun sukari, labaran Portugal na ta zuba. Ba ta ɗago ba ta ce, “Ke, akwai zaɓe ƙarshen watan nan.” Ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana.

“Wane zaɓe kuma, Mama?”

“Na majalisar Turai. Kowace ƙasa za ta aika nata, mu ma za mu zaɓi namu.”

Na ce to ai na ji waɗanda ke waje ta gidan waya ake aiko musu takarda. Ta ce ta riga ta bincika wajen ƙawarta 'yar Gini da ke Lisbon, wannan ba a aikowa. Mutum da ƙafarsa zai je ofishin jakadanci, Asabar ko Lahadi. Namu yana Washington, kuma sunanta yana can tun da maigidana ya kai ta ta sabunta katinta na ɗan ƙasa da adireshinmu.

Dariya na yi, Allah ya yafe mini. Na ce, “Mama, mutanen da rumfar zaɓe ke bakin ƙofarsu a Lisbon ma da yawa ba sa fita wannan zaɓen. Ke daga North Carolina, cikin azumi, tafiyar fiye da awa biyar?”

Ta ce, “Su suka sani.”

Na gaya mata maigidana zai kasance a Texas da kaya a wannan satin. Na gaya mata ƙarshen mako ne na hutu, ranakun da shagonmu ke cika maƙil, manaja ba zai ba kowa hutu ba. Ta saurare ni har na gama, ta zuba kunun a fulas. Na ɗauka magana ta mutu.

Bayan kwana biyu na dawo na tarar ba ta gida. Can sai ga ta da maƙwabciyarmu, wata Hajiya 'yar zangon Kumasi wadda ta kai shekara ashirin a garin. Ashe Mama ta roƙe ta ta kai ta tashar da ke cikin gari. Kujerun jirgin ƙasa sun ƙare saboda hutun, amma akwai bas, sai dai za a sauya mota a hanya. Hajiya ta rubuta mata lokutan a bayan wata takarda, Mama ta ƙulle ta a bakin mayafi. Matar da Turancinta bai wuce gaisuwa da godiya ba.

Hajiya ta ja ni gefe ta ce, “'Yata, na yi mata magana har na gaji. Tsohuwar nan za ta tafi fa. Ko dai ki kai ta, ko ki je ki nemo ta a wata tasha a Virginia. Yaran ki kawo mini su.”

Na kira maigidana ina jiran ya goya mini baya. Yana jin labarin ya fashe da dariya, har na ji haushi. Da ya nutsu ya ce, “Ki kai ta. Kada ki bi hanyoyi masu lamba 85 da 95, nan ne manyan motoci suke. Ki hau 29 ki miƙe arewa, ta Danville, ta Lynchburg. Ki tsaya a layin dama, duk mai sauri ya wuce ki. Sai kusa da Washington za ki haɗu da cunkoso, lokacin hannunki ya riga ya saba.”

Na ce, “In na kashe mu fa?”

Ya ce, “Shekara biyar kina tuƙi a Wendover ba ki kashe kowa ba. Wendover ta fi 29 hauka.”

Wata abokiyar aikina ta yarda ta karɓi Asabar ɗina, ni in karɓi Lahadinta da Litinin. Ranar Alhamis na yi gwaji ni kaɗai. Na hau 29 har Reidsville na dawo, ina ta karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Amma na je na dawo.

Ranar Asabar, gari na wayewa muka miƙa yara gidan Hajiya. Mama ta sha ado kamar za ta ɗaurin aure, atamfa mai ruwan ganye da farin mayafi, katinta cikin ƙaramar jaka a rataye a wuya. Tun da sahur ta yanke hukunci: ita za ta yi azuminta, ni ban isa ba.

“Matafiya ce ke, kuma raina yana hannunki. Kya rama bayan Sallah.”

Ta cika mini leda da dabino da ƙosai da ruwa.

Awa biyun farko lafiya lau. Na manne a layin dama, motoci na wuce ni ɗaya bayan ɗaya, wata tsohuwar Baturiya ma ta wuce ni tana leƙena. Mama na jan carbi, jifa-jifa ta miƙo mini dabino. Har na fara jin kaina wata gwana. Muna wuce Lynchburg hadari ya haɗu, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Hanyar ta fara hawa da gangara, ga kwana, ga gilashi ya yi hazo. Wata tirela ta zo ta gefena ta watsa mini ruwa, na daina ganin komai na ɗan lokaci. Na taka birki da ƙarfi, na baya ya danna hon, motar ta ɗan yi gefe kafin ta daidaita. Gidan mai na farko da na gani na shiga, na kashe mota.

Na ce, “Mun koma gida. Ba zan iya ba.”

Mama ta ce, “Sha ruwa tukuna. Mu jira ya tsagaita.”

Yadda ta faɗa a natse ɗin nan shi ya tunzura ni. Maganar da na riƙe fiye da shekara ashirin ta fito ba tare da na shirya ba. Na ce, “Saboda ƙuri'a ɗaya za ki sa mu mutu a hanya. Da Kaka ta rasu ba ki zo ba. Ina zaune a bakin ƙofa kwana uku ina jiran motarki, kowa na tambayata ina uwarki. Wannan ba ki iya zuwa ba, amma zaɓen Turawa dole sai an je.”

Ina rufe baki na so ƙasa ta tsage in shige. Ban taɓa ɗaga mata murya ba a rayuwata. Ta daɗe tana kallon ruwan da ke gangarowa a gilashi. Carbin ya tsaya a hannunta.

Ta ce, “An gaya miki takardu ne suka hana ni. Ba a gaya miki sauran ba, don ni ban gaya wa kowa ba.”

Sai ta ba ni labarin. Lokacin ba ta da takardar zama. Ta shigar da buƙata, fayil ɗinta na ofis ana jira. Ranar da aka bugo mata waya cewa Kaka ta rasu ta haɗa jaka, ta tafi wajen wani lauya da ke taimaka wa baƙi a unguwarsu don ya gaya mata yadda za ta yi. Ya ce mata fita babu mai hana ta, amma in ta fita ba za ta sake shigowa ba, fayil ɗin ya mutu, maganar ɗauko 'yarta ma ta mutu. Ta zaɓa.

“Na zauna a kan jakar nan a ofishinsa har ya tashi rufewa. Uwata ta riga ta tafi, ko na je ba zan same ta ba. Ke kuma kina da rai. Washegari na ɗauki bokiti na tafi aiki. Zaman makokina ni da 'yar Ginin nan muka yi shi, mu biyu a ɗaki.”

Ta goge ido da bakin mayafi ta ci gaba. “Kafin in fita na tambaye shi, wa ya rubuta wannan doka? Ya ce 'yan majalisa, wasu a Lisbon, wasu a babbar majalisar Turai. Na ce wa ya ɗora su? Ya ce masu ƙuri'a. Na ce ni fa? Ya ce ke ba ki da ita. Ranar na yi wa kaina alkawari, in Allah ya ba ni ita, ba za a sake zaɓen masu rubuta doka ina zaune a gida ba. Kin ga jarrabawar nan da na faɗi sau biyu kina mini dariya? Don wannan nake komawa. Yanzu haka akwai wata a Lisbon da aka bugo wa waya irin tawa, ita ma ba ta da ƙuri'a. Ni ina da ita.”

Kuka na yi sosai, irin wanda rabona da shi tun ina yarinya. Na ce ta yafe mini. Ta ce, “Ba ki yi mini komai ba. Yarinya ce ke, kin jira uwarki ba ta zo ba.” Sannan ta ce, “In ba za ki iya ba mu koma. Ba zan riƙe ki ba. Gobe ma akwai zaɓe, zan shiga bas.”

Na wanke fuska, na ci ƙosai biyu, na jira ruwan ya ragu. Na tayar da mota na juya ta arewa. Ba wai tsoron ya tafi ba ne, yana nan daram. Kawai dai na ƙudura a raina cewa ko da rarrafe ne sai matar nan ta isa gaban akwatin nan a ranar.

Kusa da Washington hanya ta buɗe ta zama layi huɗu, motoci ta ko'ina, ga 'yan babura rututu. Na ƙanƙame sitiyari ina magana da GPS da Hausa kamar yana ji. Cikin gari kuma muka faɗa wani shataletale mai hanyoyi barkatai da gunki a tsakiyarsa, na zaga shi sau uku ban sami mafita ba. A zagaye na uku Mama ta ce, “Wannan gunkin dai mun gaisa da shi ɗazu.” Duk da halin da nake ciki sai da na yi dariya. Wajen ajiye mota ma sai da muka yi tafiya mai ɗan nisa a ƙasa, tana tafe tana dafa kafaɗata saboda gwiwa.

Na zaci za mu tarar da layi har titi. Mutum biyar ne a gabanmu. Wani dattijo da sanda ya juyo ya dube mu, Mama ta ce masa “Bom dia,” wato ina kwana, duk da rana ta riga ta take. Nan take fuskarsa ta sake. Ya tambaye ta daga ina, ta ce North Carolina. Ya ce shi daga Maryland ya zo, kuma da ƙyar ya lallashi ɗansa ya kawo shi. Ya matsa ya ce ta shiga gabansa. Hira ta ɓarke tsakaninsu a kan tsadar kifi da hawan tudun Lisbon. Shekara biyu ina ganin Mama a Amurka shiru-shiru, ko a shago sai dai ta yi murmushi ni in yi magana. Ranar na ga bakinta ya buɗe, tana ba wani labari har yana riƙe ciki.

Da aka zo kanta ta ciro katin da kanta ta miƙa. Matar da ke kan tebur ta duba rajista, ta kira sunanta da ƙarfi, sunan Hausa cikakke har da na kakana, ta miƙa mata takarda. Na matsa zan bi ta don in karanta mata. Ta ɗaga mini hannu.

“Tsaya nan. Na san alamarsu.”

Ta shiga bayan ɗan shingen ita kaɗai. Ba ta yi minti biyu ba ta fito da takardar a ninke, aka jefa a akwati tana kallo, ta ce “Obrigada,” wato na gode, ta karɓi katinta ta mayar cikin jaka. Shi ke nan. Abin da muka yi tafiyar awa shida dominsa ke nan.

Ni kuma a lokacin zuciyata ta motsa, na ce tunda na zo bari in jefa tawa. Na lalubo katina a ƙasan jaka na miƙa da ƙwarin gwiwa. Matar ta duba, ta sake dubawa, ta ce mini cikin ladabi sunana ba ya wurinsu. Adireshin da ke kan katina har yanzu na tsohon gidanmu ne na Lisbon, don haka rumfata tana can. Shekara bakwai ina Amurka ban taɓa damuwa in sauya ba, don ni a wajena katin na shiga jirgi ne kawai. Ta rubuta mini yadda zan gyara. Na karɓa ina jin kunya har kunnuwana.

Muka yi azahar da la'asar a wani ɗan lambu kusa da inda na ajiye mota, muka kamo hanya. Dawowar ta fi sauƙi, ko don rana ta fito ne, ko don hankalina ya kwanta. Mama ta yi barci daga Charlottesville har Danville, bakinta a ɗan buɗe, jakar katin a ƙirjinta. Magariba ta same mu daf da gida. Na tsaya a gefen wani shago ta sha ruwa da ragowar dabinon. Da muka isa Hajiya ta fito har waje tana tafa hannu, babbar 'yata na tsalle tana tambaya da Turanci ko kakarta ta ci zaɓen.

Ranar Litinin kafin in tafi aiki Mama ta miƙo mini waya in karanta mata sakamako. Na karanta jam'iyyun ɗaya bayan ɗaya da kujerun da kowacce ta samu, ina satar kallon fuskarta ko zan gane tata. Ban gane ba. Na ce, “To, naki sun ci?”

Ta ce, “Ba kamar yadda na so ba. Amma an ƙirga da tawa.” Ta tashi ta shiga kicin.

Ban zama 'yar siyasa ba bayan wannan, kada in yi muku ƙarya. Har yau in aka fara muhawara a talabijin barci ke ɗaukata. Amma na gyara adireshina a wannan bazarar, kuma da zaɓen ya sake zagayowa mu biyu muka shiga layi. Na kuma daina cewa ƙuri'a ɗaya ba ta komai, don na san abin da wata ta biya kafin ta samu tata.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba zaɓen ba ne. Na yi shekaru ina zaune da mahaifiyata gida ɗaya, muna ci kwano ɗaya, ina yi mata biyayya, amma can ƙasan zuciyata na yanke mata hukunci a kan abin da ban san kansa ba. Ita kuma ta san ina riƙe da ita, ta yi shiru, don ba ta so in ji cewa saboda ni ne ba ta je ba. Da ban ji tsoro a hanyar nan har bakina ya suɓuce ba, wataƙila da haka za mu rabu.

Yanzu ta tsufa sosai, gwiwar ta ƙi, da keken guragu muke fita. Kwanaki likita ya ce ta rage doguwar tafiya, na fassara mata. Ta saurara da kyau, ta gyaɗa kai, ta yi masa godiya. Muna fitowa ta tambaye ni saura shekara nawa zaɓe, kuma ko keken zai shiga but ɗin motata. Na ce zai shiga, Mama. Na riga na gwada.